Tsohuwar Rigar Sanyi

"Baba, buɗe idonka," in ji 'yarsa.

Kwana uku ta yi tana gyara masa falo yana kwance a asibitin Toledo. Ta kwashe tarkace, ta rataya fararen labule, ta jera ƙananan kabewa a bakin taga saboda shigowar kaka.

"Ya yi kyau," ya ce, yana waige-waige. "Ina rigar sanyin da ke bayan kujera?"

"Wannan tsumman? Ai na kyautar wa shagon gwanjo."

Ya zauna a hankali.

"Shekara biyu ban bari an wanke ta ba. Ita kaɗai ta rage da ƙamshin mamanki."

Nan take ta buga wa shagon waya. An wanke, har an sayar.