Atishawar Mai Turaren Wuta

Zauna ka ji misalin wata mai turaren wuta, ka duba ko ba halinka ba ne. Matar nan gwana ce, ita ke turara ɗakunan amaren unguwarsu. Amma da ta buɗe buhun garin itacen sandal sai atishawa ta sarƙe ta, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi, ta wayi gari hancin a toshe tana numfashi da baki. Yayarta, wadda ke taya ta daka itacen, ta yi magana har bakinta ya gaji. Wace irin mura ce ba zazzaɓi, ba ta kama kowa a gidan, ba ta zuwa sai an taɓa buhu? Ƙanwar kuwa sai ta shafa man zafi, ta kurɓi shayin citta, ta ce sanyi ne. Da kyar yayar ta ja ta asibiti. Likita ya leƙa cikin hancin, ya tambayi sana'arta, ya saurari ƙirjinta. Ya ce jikinta ne ba ya jituwa da ƙurar itacen da hayaƙinsa, kuma hanci da huhu hanya ɗaya ce: kumburin da ya samu wurin zama a zaure, wata rana zai shige cikin gida ya zama asma. Ya ba ta maganin fesawa a hanci kullum, ya ce ta riƙa rufe hanci in za ta yi daka, ta riƙa hura garwashi a fili. Ta fesa har ta ji sauƙi, sannan ta wurga kwalbar cikin kwandon kayan kwalliya. Yayar ta gani, ta ja tsaki ta ce, "Ke dai kunnen ƙashi gare ki. Wallahi na gaji."

Damina na sauka tari ya biyo baya, ƙirji na shessheƙa kamar ana busa tsohuwar sarewa. Yayar ta sake magana, aka ce mata ta cika mita. Ran nan da hantsi suna gidan wata amarya, ƙanwar ta shige ɗaki ta ja ƙofa don ƙamshi ya kama labule. Yayar na tsakar gida ta ji faɗuwar kasko. Ta banka ƙofar ta tarar da ita dafe da bango, tana jan iska ba ta shiga, leɓe ya yi duhu. A guje aka kai ta asibiti. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ta fito da maganin asma na shaƙa ɗaure a haɓar zani, ba ta kuma iya tsayawa inda hayaƙi yake. Yanzu yayar ce ke shiga ɗakunan amare, ita tana zaune can bakin ƙofar gida tana ɗaga murya, "Yaya, ƙara garwashi!" Yayar takan harare ta, sannan ta ƙara garwashin.

Kai ma da kake ta atishawa kana ce mini ba komai, ka ji abin da Hausawa suka ce: ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.