Dawa Ba Ta San Oga Ba

Aikin burukutu wahala ne. Hayaƙi ya cinye idon Mama a unguwar Daɗin Kowa, ɗiban ruwa ya cinye wuyana.

Wata rana da la'asar wani oga daga Rayfield, unguwar masu kuɗi, ya zo neman jarka goma na bikin ɗansa, nan da kwana uku. Mama ta ce sai kwana bakwai, dawar ba ta tsira ba.

Ya ce, "Madam, zuba suga da barasar ogogoro mana, haka kowa ke yi."

Ta ce, "Je wurin kowan. Dawa ba ta san oga ba."

Ya ja motarsa, alhali ko garin tuwo ba mu da shi. Har yau wannan amsar ta Mama nake ba mai gaggauta ni. Washegarin tafiyar ogan na tashi da fushina, na yayyafa wa dawar ruwa.