Sunaye Goma Sha Huɗu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, gari ya waye da hadari baƙi ƙirin, amma ko ɗigo bai sauka ba. Kafin a buɗe ƙofar matafiya, aka tara ma'aikatan ofishin kan iyaka a ɗakin taro.

Likitan da ƙasashen biyu suka ɗora wa binciken ya bayyana a allon bango, daga babban birni. Ya ce mutum goma sha huɗu sun kamu da sabon zazzaɓin, takwas a wannan ɓangare, shida a wancan. Uku sun rasu. Ba garinsu ɗaya ba, ba su ma san juna ba. Abin da ya haɗa su kawai, duk sun bi ta wannan ofis cikin mako uku.

"Akwai wanda ke ɗauke da cutar bai sani ba," in ji shi. "A ido lafiyarsa ƙalau. Shi muke nema. In ba a same shi kafin Litinin ba, za a rufe iyakar."

Jami'ar taga ta biyu tana zaune a baya, ta ɗora hannuwa a cinya. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, direbobi da 'yan kasuwa duk Anti suke ce mata. Tun bara da ƙasashen suka haɗa na'urorinsu, kyamara ke auna zafin jikin kowane matafiyi a bakin ƙofa, sannan ya dangwala yatsa a gilashi. Gilashin yakan ƙi wasu yatsun. In abin ya gagara a sauran tagogi, sai a ce wa mutum, "Je ka wajen Anti." A wajenta bai taɓa gagara ba.

Kafin azahar na'ura ta fitar da suna: Dogo, direban motar kaya, wanda ya fi kowa yawan ƙetarewa. Ranakunsa sun zo daidai da na tara daga cikin sha huɗun. Aka kulle shi a ɗakin baya. Sau biyu ana gwada shi, babu komai.

Anti ta tsaya daga nesa, ta leƙa shi ta tagar ƙarfe.

"Anti, kin ga na zama babban mutum, har da mai gadi," in ji Dogo. Dariyar ba ta kai idonsa ba. "Ni da ko mura ban yi ba bana. Matata ta kira, wai maƙwabta sun daina amsa gaisuwarta."

Ta koma kujerarta, ta buɗe jerin sunayen mutum sha huɗun. Ba sunayen ta tsaya a kai ba, sana'o'in ta bi. Magini. Mai wanki. Maƙeri. Manoma huɗu. Wata tsohuwa mai saƙar igiya. Babu ɗalibi ko ɗaya, babu ma'aikacin ofis. Ta sake bi daga ƙasa zuwa sama.

Ta sami shugaban ofis, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ba Dogo ba ne."

"Na'urar ƙasa biyu ta ce shi ne, ke kin fi ta ido?" Bai ɗago daga takardunsa ba. "Tara cikin sha huɗu ai ba wasa ba ne."

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Anti, kada ki tono mana abin da ya fi ƙarfinmu. In kina da suna, akwai fom."

Ta buɗe fom ɗin a kwamfuta. Yana neman lambar fasfo da ranar ƙetarewa, kuma ba ya wucewa sai an cike duka biyu. Ta kira lambar likitan sau uku, muryar na'ura tana cewa ta jira. Sai ta rufe tagarta, ta ce ba ta jin daɗi, ta fita ta ƙofar baya inda ma'aikata ke bi.

A gida ta tarar da 'yarta, wadda ta zo mata kwana biyu da jaririnta ɗan wata huɗu.

"Mama, yau da wuri? Ga mijinki nan, tun safe yake cigiyarki." Ta miƙo yaron.

Anti ta ja da baya har ta bugi bango.

"Haɗa kayanki ki koma gidanki. Yanzu."

"Wani abu na yi?"

"Ba ki yi komai ba. In kin je, kada ki fita, kada ki bar kowa ya shigo. In jikinsa ya yi ɗumi ko kaɗan, asibiti."

'Yar ta tafi tana share hawaye, ko sallama ba su yi ba. Anti ta kulle ƙofa, ta ɗauko takarda. Ta san abin da zai biyo baya: mota mai jiniya a ƙofar gida, sunanta a bakin kowa, iyalan mutum ukun da suka rasu. Ta rubuta wasiƙa ta farko ta yayyaga, ta yayyaga ta biyu. Ta uku ta ninke ta, ta rubuta adireshin likitan a baya.

Da la'asar ta rufe hanci da baki, ta taka zuwa gidan waya. Ta jira har layi ya watse, ta jefa wasiƙar a akwatin saƙon gaggawa. Layi huɗu ne a ciki:

"Likita, ku saki Dogo. Wanda kuke nema bai taɓa ƙetare iyaka ba, kuma kyamararku ba ta kallon inda yake zama. Gilashi ba ya karanta yatsan da aiki ya busar sai ya ji laima. Duk sha huɗun nan, ni na riƙe yatsansu, na hura musu numfashina."