Wa Ke Rufe Famfon Kicin?

Ɗis, ɗis, ɗis. Zabeirou ya sunkuya a gaban famfon kicin, ya sassauta shi da yatsa biyu har ɗigon ya daidaita, sannan ya ja da baya yana kallonsa kamar wanda ya gama gini.

Ba shi ya ƙirƙiro wannan aiki ba. Ƙaramar hukuma ce ta yi ta shela a rediyo da talabijin a Janairun 2003: sanyi mai tsanani na tafe, kowa ya bar famfonsa yana ɗiga dare da rana, in ba haka ba ruwa ya daskare a cikin bututu ya fasa shi. Wani maƙwabcinsa ya yi kunnen ƙashi bara, kuma da idonsa ya ga an fito da kafet ɗin mutumin ana matsewa a bakin titi.

Shi kuwa yana da abin jin tsoro. Tsohon gida ne ya saya a gefen Sedgefield bayan shekaru yana tuƙin tasi, bututun kicin a jikin bangon waje yake, katakon da ke shimfiɗe a falo kuma shi ya kafa da hannunsa har gwiwoyinsa suka yi kanta. Ranar Lahadi za a yi walimar shiga gida. Duk ɗan Nijar da ke Greensboro ya ji labari, har da waɗanda ba a gayyata ba.

Matsalarsa ɗaya ce, surukarsa Hajiya Oumou, wadda ta zo daga Tanut ganin gida. Tun saukarta ya bar mata banɗakin da ke kusa da ɗakinta, ya koma yin alwala a kicin don kada su yi kiciɓis. Kunyar surukai ba ta nemi biza ba, tare da su ta shigo Amurka. In ya shigo ta fita, in ta shigo sai ya tuna yana da aiki a mota.

To, ranar Talata da asuba ya idar da salla, ya dawo kicin ɗaukar shayinsa, sai ga Hajiya ta kama kan famfo da hannu biyu tana murɗawa har da cije leɓe. Ya yi gyaran murya. Ta ja mayafi ta sulale. Ya duba, famfo a rufe kam, ko ɗigo babu. Sai da ya sa ƙarfi kafin ya buɗu.

Ikon Allah! Tsohuwar da ko kwalbar zuma sai an buɗe mata! Ya daidaita ɗigon, ya shanye shayinsa, ya ɗauraye kofi, ya fita.

Tsakani da Allah bai ga laifinta ba. Shi ma a can ya tashi, inda ake cinye safiya guda kafin a samo jarka ɗaya, inda in ka zubar da ruwan moɗa babanka zai sa ka manta sunanka. Har yau ƙarar ɗigon nan tana sosa masa rai. Amma ai shi ya waye, ya daɗe a ƙasar, yana jin Turancin rediyo.

Ya sami matarsa Djamila. "Don Allah ki yi wa Mama bayani. Ɗigon robine ɗin nan, wato famfon kicin, umarnin hukuma ne, ba ɓarna ba ce."

Djamila ta je ta dawo.

"Me ta ce?"

"Ta ce to."

Washegari ya sake kama ta bayan la'asar. Ran Alhamis ma haka, bayan magariba. Kullum hannu biyu, kullum famfo kam. Ya ɗaura wa famfon jan ƙyalle, bai hana ba. Ya ƙure sautin talabijin lokacin sanarwa yana fassarawa da ƙarfi, wai shi da bango yake magana. Hajiya daga ɗaki ta ce, "Allah ya yi albarka." Takaici ya kusa kashe shi.

Da aka ce ranar Asabar sanyin zai kai maƙura, sai dabara ta faɗo masa. Ƙanen Hajiya, Malam Chaïbou, yana zaune a Pleasant Garden, kuma gidansa akwai murhun itace. Zabeirou ya ce wa Djamila ai jikin tsofaffi ba ya son hita, ɗumin itace yake so. Bayan isha'in Juma'a da kansa ya ɗauki jakar Hajiya ya kai ta, tana baya tana kallon taga, shi yana kallon titi. Da za ta sauka ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa, ta rufe fuska da mayafi.

Asabar da asuba ya tarar da ɗigonsa yana sauka lafiya lau. Ya yi murmushin wanda ya ci zaɓe, ya yi alwala, ya yi salla, ya ɗauki Djamila suka tafi wata gona mai nisa sayen ragon walima. Duk yinin ranar sanyi bai sassauta ba.

Da magariba suka dawo da nama cike da but ɗin mota. Yana buɗe ƙofa takalminsa ya ce caɓal. Ruwa na kwarara daga bangon kicin, ya malale falo, katakon nan nasa ya kumbura ya ɗaɗɗago. Zabeirou ya ruga ya kashe ruwan gidan, ya dawo ya zauna a hannun kujera ya yi tagumi. Kuka yake so ya yi, amma ya rasa wanda zai ɗora wa laifi.

Wayar gida ta yi ƙara. Djamila ta tattare zane ta ratsa ruwa, ta danna sifika da gwiwar hannu. Muryar Hajiya ta cika falon.

"Djamila, tun safe nake ta kira. Nauyin faɗa na ji, shi ya sa na yi shiru. In mijinki ya gama alwala, ki bi bayansa ki buɗe robine ɗin nan kamar yadda nake yi kullum. Ki kama da tsumma fa, don yaron nan ɗaure shi yake kamar ya kama ɓarawo."