Darasi a Motar Daso

Fauziyya ce ta cike motar. Ta samu bakin ƙofa a kujerar baya, ta rungume jakarta, tana ta maimaita amsoshin Turanci a zuci. Yau za a yi mata intabiyu a wani otal a Abuja, aikin karɓar baƙi. A wanda ta je na baya harshenta ya sarƙe, har ɗaya daga cikin masu tambayar ya rufe baki yana dariya.

Tun ba su bar tashar Suleja ba direban, wani kakkauran mutum da ake ce wa Daso, ya haɗa wayarsa da rediyon mota. Sai ga muryar mace, a natse.

"Barkanmu da warhaka. Ni ce Malama Bara'atu, a tasharmu ta Turanci a Sauƙaƙe. Kalmarmu ta yau kowa na faɗinta: sabsikiraib."

Daso ya ja tsaki, ya ƙara sautin.

Malamar ta ce yawancin mutane ma'ana biyu suka sani. Akwai danna maɓalli don ka riƙa bin tasha irin tata, akwai kuma biyan data ko tashoshin talabijin duk wata. Amma kalmar ta girmi waya nesa ba kusa ba. Asalinta sa hannu ne a ƙasan takarda. Wanda ya ba da gudummawar ginin masallacin unguwa ma ana iya cewa ya yi.

"Ƙarya!" in ji Daso. "Yanzu za ta ce har yarda da ra'ayin mutum sabsikiraib ne."

"Haka kuma," in ji muryar, "idan ka yarda da ra'ayin wani, ka yi sabsikiraib da shi ke nan."

"Kun ji ko? Wai ita Turanci a Sauƙaƙe! Mace ta bar tukunya a wuta tana koya wa duniya abin da ba ta sani ba."

Somto, mai shagon kayan waya da ke zaune a gaba, ya ce shi dai data ya sani, in ta ƙare a sake sub, shi ke nan. Dogara, wani dattijon ma'aikaci daga Izom, ya ce a'a, ya sha jin ogansu a taro yana cewa bai yi sabsikiraib da wata shawara ba, kuma ba wanda ya taɓa miƙo masa katin waya. Mota ta kaure da musu. Can cikin rediyon wani zakara ya yi cara, Daso ya girgiza kai kamar ya san shi.

Fauziyya ta yi niyyar kama bakinta. Amma da suka wuce garin Madalla, sai malamar ta sassauta murya ta ce masu saurarenta ba su da yawa, wani lokaci har takan ji kamar ta haƙura ta daina.

"Gara dai," in ji Daso. "Wa zai saurari Turanci a Sauƙaƙe?"

Dariyar mutumin nan na intabiyu ta faɗo wa Fauziyya a rai.

"Malam, kai me ka iya da za ka koya wa wani?"

Daso ya kalle ta ta madubi. "Hajiya, motata ce fa. In kin ƙara, a Zuba zan sauke ki."

Gabanta ya faɗi. Samun wata mota a Zuba da wannan safiyar sai an yi kokawa, kuma in ta makara aikin ya tafi. Ta dubi titi, ta dubi ƙeyarsa.

"Ka sauke ni. Amma matar nan gaskiya ta faɗa, kuma ta fi ka amfani."

Ta ciro waya. Ba ta sha wahalar nemo tashar ba, don sunan ya riga ya zauna mata a kai. Ta danna, ta ɗaga wayar yadda zai gani a madubi. "Na yi sabsikiraib da tasharta, na kuma yi da ra'ayinta."

Dogara ya miƙo tasa ya ce ta danna masa. Somto ya yi dariya ya danna, ya ce zai tura wa yaran shagonsa. Sauran fasinjojin ma suka bi sahu, har da wata mata da tun Suleja ba ta ce uffan ba, ta tura wa 'yan ƙungiyarsu ta Islamiyya.

Zuba ta zo ta wuce, Daso bai taka birki ba. Ya dai kumbura fuska, ya bar darasin ya kai ƙarshe.

Kafin su shiga gari Fauziyya ta lura ƙirjinta ya daina bugawa. Wadda ta tsaya wa direban tasha a gaban mutane, ai tambayoyin otal ba za su kayar da ita ba.

A tashar Baja, cikin Abuja, kowa ya sauka ya kama gabansa. Ta rufe ƙofa za ta wuce, sai ta ji an riƙe ta. Gefen mayafinta ne ƙofar ta cije. Ta sunkuya tana ƙoƙarin zare shi, gilashi a sauke, Daso kuwa bai san tana nan ba. Ya danna kira, wayar tana haɗe da rediyo har yanzu, muryar nan mai natsuwa ta sake cika motar.

"Baban Hashim, ka dai zage ni da kyau yau ko?"

"Har da batun tukunya," in ji Daso yana washe baki. "Mota guda suka danna, ba wanda ya tsira."

"Madalla. To in za ka dawo ka taho mana da tumatir."