Kujerar da Marka Ta Ƙi Saye

Arzika yana tsugune yana sake walda ƙafafun kujerarsa, waɗanda ya yanke da hannunsa kwanakin baya, duk saboda tsohuwa guda.

Kujerar kam sai wanda ya gani. Mazauninta sassaƙen 'yar tsugunno ne, ƙafafunta siraran ƙarfe, majinginar kuma saƙar kaba. A waya ya ga fasalin, ya haɗa shi da sassaƙar gidansu. Mutanen Gummi suka ce kujera ta yi jinya ta rame.

Dariyarsu ba ta dame shi ba. Abin da ke cin ransa, ya nemi auren Lubna a Bukkuyum, mahaifinta ya ce a dakata sai sun bincika, don shi bai ga sana'a a kujerar da ba a taɓa saye ba.

Ana haka sai ga wata tsohuwa, Marka, ta sauko daga mota ranar kasuwa, ta zauna a kai tun ba a ce bismillah ba.

"Ɗana, wagga ta raƙumi ce? Rage mata tsawo."

Ya rage. Kasuwa ta zagayo, ta ce kabar na cizon baya. Ya warware, ya jiƙa, ya sake saƙawa. A ta uku ta ce ya rage tsawon da yawa. Ta shanye masa fura, ta tambayi sunayen abokansa, ta tafi ko tayi babu.

Maƙwabta suka ce ya kore ta. Ya ƙi, don duk garin ita kaɗai ke zama a kujerar. Kuma tsakani da Allah, mitarta ta gyara aikin.

A zuwa na huɗu ta jingina, har gyangyaɗi ya ɗauke ta. Arzika ya ji daɗi ƙwarai, yau zai yi cinikin farko.

"Inna, a ɗaure miki ita a mota?"

"Saye? Wa ya ce maka saye na zaka yi?"

Ya yi murmushin dole. "Ba komi, Inna. Allah shi kai ki lahiya."

Marka ta tuntsire da dariya tana gyara mayafi.

"Wata guda ina jan ranka, ban ga ka ɗaure huska ba. Jibi ka turo manyanka, ni na haihi uban Lubna."