Soron Mai Kazar-kazar

Kai Sallau, da gemunka da 'ya'yanka kake tambayata yadda ake raba rana? Tuwo ce da za a yanka maka da mara? Kai da aka kashe wa kuɗin boko! Gyara zama, kuma kada ka katse ni.

An yi wani magidanci da ba a taɓa ganinsa zaune ba. Da asuba yana bakin rijiya, da hantsi yana jeji neman abincin awaki, da azahar yana kasuwa, da la'asar yana ɗaure danga. Kowa ya gan shi sai ya ce, kai, namiji! Alhali rufin soron da ya ajiye irin geronsa ya tsage tun kaka. Shi kuwa yaɓe ba ya son gaggawa. Sai an haƙo ƙasa, an kwaɓa ta da ciyawa, an tattake, an bar ta ta tsima, sannan a shafa, rana ta gasa. Matarsa ta ce, "Malam, in za ka dawo daga jeji, ka riƙa haɗowa da kwandon ƙasa ɗaya mana." Ya ce awaki suna kuka, rufi ba ya kuka. Kullum yana da niyya a ransa, amma abin da ya fi ƙara shi yake bi, ya kwanta a gajiye yana jin ya yi aiki. Shashasha!

Ranar da hadarin fari ya haɗo daga gabas, ranar ya tuna. Ya haye rufi da ɗanyar ƙasa, yana liƙawa ruwa yana wankewa, yana kallon jan ruwa na bin indararo. Kafin a ɗauke ruwan, rufin ya rufta kan irin. Da aka samu aka tono geron, ya kumbura ya yi tsami, ko kaji sun ƙi. Maƙwabta suna gona da sungumi suna shuka, shi yana bin gida-gida da ƙoƙo yana roƙon iri, mutumin da bai taɓa hutawa ba.

Ban ce ka bar iyalinka da yunwa ba. Na ce cikin yinin nan ka cire wa babban aikinka rabonsa, ko bai yi kuka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma yara, me kuke sake baki? Ku tashi ku kwanta, kafin in ɗauko muciya!